Neman Izini a Gidajen Bene: Sharhi kan Yadda Ake Karantar da Babin

A zaurukan karatunmu ana ɗaukar babin neman izini a matsayin ladabi kawai: a yi sallama, a jira sau uku, in ba a amsa ba a juya, kamar yadda hadisin Abu Musa al-Ash'ari ya nuna. Wannan daidai ne, sai dai ya taƙaice babin. An saba fahimtarsa da gidan gargajiya, inda zaure da katanga suke tsare iyali tun kafin baƙo ya buɗe baki. A gidajen bene na haya da suka yawaita a Abuja da Kano da Kaduna babu zaure. Ƙofa tana kallon ƙofa, matattakala ɗaya ce, na sama kuma yana hangen tsakar gidan na ƙasa.

Aya ta 27 da ta 28 na Suratun Nur sun hana shiga gidan wani ba da izini ba, ko da babu kowa ciki. Hadisin Sahlu ɗan Sa'adu, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya bayyana cewa saboda gani aka shar'anta iznin. Ke nan ido ma yana kutse, ba ƙafa kaɗai ba. Malaman Malikiyya sun gina hukunci a kan haka. Ibnu Abi Zaid al-Ƙairawani, a babin hukunce-hukunce na Risala, ya lissafa buɗe tagar da ke tona maƙwabci, da buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, cikin cutarwar da ake hanawa. Ibnu al-Rami, maginin Tunis na ƙarni na 8 na Hijira, ya tattara irin waɗannan shari'o'i a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. A wurinsu sirrin gida haƙƙi ne da alƙali yake ƙwato wa mai shi.

Kuskuren manhajarmu shi ne raba babukan biyu. Ɗalibi yakan haddace ladabin sallama, amma a tambaye shi hukuncin mai gidan da ya riƙe makulli na biyu yana buɗe ɗakin ɗan haya a bayan idonsa, sai ya rasa amsa. Alhali haya mallakar da amfani ce: muddin wa'adi bai cika ba, izni na hannun mazaunin. Haka kyamarar tsaro da aka saita ta kalli ƙofar maƙwabci, illarta ɗaya da ta taga. Lalura, kamar gobara ko ceton rai, ita ce ke halatta shiga, kuma gwargwadonta ake yi.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ma ya kare sirrin gida. Ya kamata a haɗa babin izini da na cutarwa da na haya a darasi guda, domin masu fatawar gobe su iya raba gardamar mazauna bene. Allah ne Mafi sani.