Baba ta Karo da Fom ɗin Ƙanena: Wa Zai Rubuta Labarin Samarinmu?

Kwanakin baya wani ƙanena da ya gama digiri a fannin nazarin zamantakewar al'umma ya samu aikin kwana goma. Wata ƙungiya ce ta ɗauke shi, ta ɗora masa fom a waya, ta tura shi wurin mutanen da suka baro ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka raɓe a Funtuwa. Da ya dawo na tambaye shi abin da ya gano. Sai ya ce, "Yaya, abin da suka faɗa mini bayan na rufe wayar ya fi wanda na cike muhimmanci, amma ba gurbinsa a fom." Wannan magana ce ta sa na koma na ɗauko wani tsohon littafi, *Baba of Karo*, na sake karanta shi da idon mutumin kudancin Katsina na yau.

Ga wanda bai san shi ba, littafin labarin rayuwar wata tsohuwa ce Bahaushiya, kamar yadda ta ba wata Baturiya, Mary Smith, a garin Giwa da ke kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950. Mijin Mary, M. G. Smith, yana binciken sarautar Zazzau a lokacin, amma a matsayinsa na namiji ba shi da hanyar shiga cikin gida wurin matan kulle. Matarsa ce ta zauna da Baba mako bayan mako, Baba tana magana da Hausa, ita tana rubutawa. Littafin ya fito da Turanci a 1954.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan karatun shi ne babin mahara. Baba ta ba da labarin yadda aka sace mata da yara daga danginta, yadda maza suka bi sawu, aka yi ciniki, aka tara kuɗin wuri aka fanso su. Duk wanda ya taɓa zama a zauren da ake karo-karon kuɗin fansa a Ƙanƙara ba zai karanta wannan babi jikinsa bai yi sanyi ba. Amma ƙarfin littafin ba a nan kaɗai yake ba. Baba ba ta fito a matsayin "wadda abin ya shafa" ba. Mace ce mai aure-aurenta, da ƙawayenta, da barkwancinta, da ra'ayinta kan sarakuna da Turawa. Harin wani yanki ne na rayuwarta, ba shi ne sunanta ba.

To, a kwatanta wannan da irin rubutun da ake yi a kan samarinmu yanzu. Tun daren Juma'a 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, har aka sako 344 bayan kwana shida, sunan yankin nan ya shiga rahotannin duniya. Rahotannin suna da amfani, ba na musu: da su ake sanin yawan waɗanda suka bar gidajensu, da su ake neman tallafi. Sai dai matashin da ke cikinsu ba shi da fuska. Ko dai lamba ne a jadawali, ko kuma barazana ce da ake tsoron za ta shiga daji.

Ɗauki tambayar da ta fi damun ƙanena: "Me ya raba ka da gida, rashin tsaro ko neman kuɗi? Zaɓi ɗaya." Bahaushe ya san cin rani tun kaka da kakanni. Saurayi ya gama girbi, ya nufi Kano ko Kaduna ko Kurmi, ya dawo da faɗuwar ruwan farko da kuɗin taki da na lefe. Yau saurayin Sabuwa yana tafiya a lokacin da ubansa yake tafiya, yana sauka inda ubansa yake sauka, amma damina ta faɗi bai dawo ba, domin gonar tana bakin daji. Shi ɗan cin rani ne ko ɗan gudun hijira? Shi kansa ba zai yarda a kira shi da na biyun ba, don yana ganin zubar da girma ne. Fom ba ya jin wannan. Haka kuma ba ya jin halin saurayin Bafulatani da aka kore wa shanu, ya shigo gari ana kallonsa da zargi, daji kuma ba ya komuwa. Nan ne ainihin maganar asali take: sunan da mutum yake kiran kansa, da wanda ake liƙa masa.

Ba wai ƙidaya ce laifi ba. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta bi gida gida tana auna gonaki da rumbuna, ta fitar da *Rural Hausa* a 1972. Da lissafi ta rusa tunanin da ake yi cewa duk manoman ƙauye ɗaya suke a talauci. Ta nuna akwai mai rumbun da ke kaiwa wata damina, akwai kuma wanda talauci ya hana shi noman gonarsa, sai ƙwadago a ta wani. Bambancinta da mai fom na kwana goma shi ne ta daɗe har ta san abin da ya kamata a ƙirga.

Duk da haka, kada mu ɗauki waɗannan littattafai kamar ba su da aibi. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafinta ba. Maganar da ta yi da Hausa ta zaga duniya da Turanci, sai bayan shekaru masu yawa aka buga ta da harshen da aka yi ta. Wannan rabon aiki, namu baki nasu alƙalami, shi ne har yau bai sauya ba. Ɗan gari shi ne tafinta, shi ne ɗan rakiya, shi ne mai shiga inda baƙo ba ya iya shiga, a sallame shi da alawus. Sunan da ke bangon rahoto na wani ne, kuma mutanen da aka yi wa tambayoyi ba za su taɓa jin abin da aka rubuta a kansu ba.

Muna da misalan da suka nuna ana iya yin dabam. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya bi garuruwan ƙasar Katsina har Maraɗi yana sauraren dattawa, ya haɗa da rubuce-rubucen da, ya samar da *The Transformation of Katsina* a 1981. Babban darasinsa shi ne kada a ɗauki "Hausa" da "Fulani" a matsayin amsar kowace tambaya, a duba sana'a da ƙasa da mulki da ƙaura. Ban ga lokacin da muke buƙatar wannan darasi kamar yau ba. Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta maza ya zauna da 'yan bindigar Zamfara, ya gabatar da *I Am a Bandit* a 2021. Aiki ne na jarumta, sai dai masu bindiga ne a tsakiyarsa. Dubban samarin da ba su ɗauki makami ba suna nan suna jiran nasu marubucin. A Kano kuwa, Hannah Hoechner ta ba almajirai dama suka shirya fim da kansu, *Duniya Juyi Juyi*, wanda duk mai jin Hausa zai iya kallo.

Saboda haka ga matashin da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma ko Ahmadu Bello, yana tunanin ko bincike sana'a ce: sana'a ce, amma mai wuya. Aikin cike fom ƙofa ce, a shiga a koyi yadda ake zaɓen waɗanda za a tambaya da yadda ake tace bayanai, amma kada a tare a bakin ƙofa. Ka riƙe littafinka na kanka, ka rubuta abin da aka faɗa bayan an rufe waya, da izinin mai maganar. Ka je Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna ka ga abin da aka rubuta kan gundumarku tun zamanin Turawa. Ka kuma san haɗarin: a inda kalmar "infoma" take iya kashe mutum, sunan da ka bari a wayarka amana ce da ran wani a ciki. Sannan ka tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A watannin nan duk mai bincike daga nesa ya kurumce. Wanda ke zaune a cikin gari ne kaɗai ya san yadda uwa ta yi ta ji ɗuriyar ɗanta da ke Legas.

Yaran da aka sace a Ƙanƙara yanzu sun zama samari. Littafin da nake marmarin karantawa shi ne wanda zai zauna da goma daga cikinsu, kamar yadda aka zauna da Baba, ya ji wanda ya koma aji, da wanda ya tafi Abuja tura baro, da yadda kowannensu yake amsawa idan aka ce masa "kai ɗan ina ne?" Ina so a rubuta shi da Hausa tukuna, kafin a fassara wa duniya. Na faɗa wa ƙanena haka. Ya yi dariya ya ce wa zai biya shi. Ban da amsa, amma na ga ya sayi sabon littafin rubutu.