Hannun da Aku Ke Yarda da Shi

Aku tsuntsu ne mai tsawon rai, shi ya sa da wuya ya ƙare kwanansa a gida ɗaya. A gari irin Abidjan, inda jama'a ke shiga da fita ba ƙaƙƙautawa, abin ya fi fitowa fili. Ma'aikacin da wa'adinsa ya cika a tashar jiragen ruwa yakan bar wa direbansa tsuntsunsa. Ɗan kasuwar Adjamé da tsufa ya kama yakan tattara ya koma Maraɗi ko Kano, keji bai samu wuri a mota ba. Gidan haya a Treichville yakan yi wa iyali kaɗan, a miƙa wa maƙwabci tsuntsun. Ko ta wace hanya aka bi, sai a wayi gari tsuntsu mai hankali yana hannun mutumin da bai taɓa gani ba. Abin da ke biyo baya sana'a ce mai zaman kanta, kuma waɗanda suka iya ta ba su da yawa.

Akun da muka sani, mai ruwan toka, ɗan dazuzzukan Afirka ne, kuma Kwaddibuwa na da iri biyu. Ta gabas, wajen iyakar Gana, akwai mai jar wutsiya da baƙin baki. Ta yamma, cikin daji irin na Taï, akwai ƙaninsa da ake kira timne, wanda ya fi shi duhu da ƙanƙanta. Sai kuma baƙo daga nesa, aku mai tukku, wato kokatu. Asalinsa Ostireliya da Niyu Gini da tsibiran Indonesiya da Filifin. Iri 21 ne, galibin na kiwo farare, da tukku a ka mai tashi da kwanciya gwargwadon halin da zuciyarsa ke ciki. Shi ne mafi wuyar sha'ani, domin ya fi sauran ƙulafucin abokin zama, rabuwa kuma ta fi taɓa shi. Wanda ya iya shawo kan mai tukku, sauran ba za su gagare shi ba, don hanyar ɗaya ce.

Gwani yana fara aiki tun tsuntsu bai iso ba. Zai zauna da tsohon mai shi ya yi ta tambaya: me yake ci, da wane lokaci, wane suna ake kiransa, maza ya saba da su ko mata, me ke firgita shi. Zai roƙi a haɗa masa da tsohon keji da kwanonin ci da sha, ko da sun tsufa, domin su kaɗai ne abin da tsuntsun zai gane a sabon gida. Zai kuma tambayi asali da takardu. A 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg, ƙasashen duniya sun haramta cinikin aku mai ruwan toka da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma wasu nau'o'in mai tukku ma suna ƙarƙashin irin wannan kariya. Dalilin a bayyane yake: wani bincike da aka buga a shekarar ya nuna Gana ta yi asarar kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta tun daga 1992. Karɓar tsuntsun da ya rasa gida daban, sayen wanda aka ɗauko jiya daga ramin bishiya daban. Bayan wannan sai likitan dabbobi, saboda akwai wata cuta da aku kan ɗauka mai iya kama mutum ta zama zazzaɓi da ciwon huhu. Idan da wasu tsuntsaye a gidan, a ware baƙon kamar wata guda.

Sai ajiye keji, wanda malalaci ke yi cikin daƙiƙa ɗaya, gwani kuwa sai ya zagaya gida ya auna. Aku abin farauta ne a daji, kullum hankalinsa na kan abin da zai faɗo daga sama ko ya zo ta baya. Don haka ake jingina keji da bango, in da hali a kusurwa, a rufe rabinsa da zane ya samu maɓuya. Ana ɗora shi daidai ƙirjin mutum. A ƙasa, duk mai wucewa zai zame masa dodo. Can sama kuma ba za a kai gare shi ba sai an miƙa hannu ta kansa, abin da ya fi tsana. Ana son wurin da zai riƙa ganin kai-komon gida ba tare da ana bi ta jikinsa ba. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda ake girki da wanki da wasan yara wuri guda, wannan zaɓi shi ne rabin aikin. Numfashin tsuntsu ya fi namu saurin ɗaukar guba, saboda haka hayaƙin gawayi da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da na fesawa duk a nesanta su. Kaskon zamani wanda abinci ba ya kamawa, in ya yi zafi fiye da kima, yana fitar da tururin da ke kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci. Yana kuma buƙatar barcin awa 10 zuwa 12 cikin duhu. A unguwa kamar Adjamé, inda motocin haya irin su gbaka da woro-woro ke ta ƙaho har dare, ɗaki mafi lungu aka fi so ya kwana.

Kwanakin farko, mai kallo zai ɗauka gwani zaman banza yake yi. Ya ɗauko kujera ya zauna nesa da keji, ya ba tsuntsu gefensa, yana jan carbi ko yana lissafin ciniki. Ba ya zuba masa ido, domin idanu biyu a gaba masu kafe abu ɗabi'ar kyanwa ce da shaho. In sun haɗa ido sai ya lumshe nasa a hankali ya kau da kai. Yakan ci abincinsa a wurin, saboda a daji garke tare yake kiwo, wanda ya ci a gabanka kuwa ya nuna ba kai yake nema ba. Lokacin canza ruwa da abinci ɗaya ne kullum, da kalma ɗaya da yake faɗa kafin ya matso, har tsuntsu ya san abin da zai faru tun bai faru ba. Cikin wannan zama yana duba ƙasan keji, inda ya shimfiɗa takarda. Kashin aku kashi uku ne: mai kauri, da fari, da ruwa. Da safe ya duba ya san ko an ci, ko ciki ya ɓaci. Tsuntsu yana ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsa, takardar nan ce ke tona asiri.

Daga nan sai karatun jiki. Mai tukku in ya miƙe tukkunsa tsaye, hankalinsa ya tashi, ko don murna ko don tsoro, sai a duba sauran jiki a bambance. In ya haɗa da baza fuka-fuki da huci da lilo hagu da dama, gargaɗi ne. In gashinsa ya lafe a jiki ya miƙe ya zama siriri, ya firgita. In kuwa ya taso da gashin kumatu ya rufe gefen baki, ya naɗe ƙafa ɗaya, da yamma kuma a ji yana gurza bakinsa ƙaras-ƙaras, to ya sake. Mai ruwan toka ba shi da tukku, amma idonsa rawaya ne, ana ganin ƙwayar tana tsukewa tana buɗewa in ya motsu, kuma in ya tsorata gurnani yake yi. Da waɗannan alamu gwani ke gano iyaka. Zai tako a hankali har inda ya ga tsuntsu ya fara jan jiki baya, ya tsaya cak. Da zarar gashi ya sake, sai ya juya ya tafi. Ladan tsuntsu a wannan mataki shi ne tafiyar mutumin. Gobe iyakar ta matso da taki ɗaya. Nan ne zuciyar sana'ar take: tsuntsu ya gane cewa in ya ce a'a da jikinsa za a ji, saboda haka ba sai ya faɗa da cizo ba.

Abinci shi ne mataki na gaba. Ana zuba masa abubuwa iri-iri a kwano: ɗanyar masara, gwanda, gwaiba, ayaba, karas, zangarniyar gero, 'ya'yan kwakwar manja da mai ruwan toka ke ci a daji. Abin da ya fara ɗauka kwana bayan kwana, shi ne abin sonsa. Sai a cire wannan daga kwanon yau da kullum, ya zama ba ya samuwa sai ta hannun mai shi. Ba a horar da aku da yunwa. Kwanonsa cike yake, abin marmarin kawai aka keɓe. Da farko a jefa a ƙaramin kofi a wuce ba tsayawa. Bayan kwanaki a miƙa doguwar zangarniya ta tsakanin ƙarafa, yana cin wancan kai kana riƙe da wannan. Zangarniya na gajarta, yatsu na matsowa. Akwai kuma abin da ba ya shiga keji ko kusa. Piya guba ce gare shi. Cakulan ma haka, ga shi kuwa ana cikin ƙasar da ta fi kowace noman koko a duniya. Goron da ke fitowa daga Anyama, wanda mu ke karrama baƙo da shi, yana ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi, zuciyar tsuntsu ba ta jure shi. Gyaɗa kuma a damshin Abidjan saurin funfuna take yi, sai an fasa an duba.

Kayan aikin da ke biye ba su wuce biyu ba: siririn tsinke da kalma guda. A nuna masa kan tsinke daga ɗan nesa. Son bincike zai sa ya taɓa da baki. A daidai lokacin taɓawar a ce "Yauwa!", a miƙa lada. Kalmar ce ke gaya masa ainihin abin da ya jawo ladan, don haka in ta makara da ƙiftawar ido ta rasa amfani. Minti biyar ya isa zama ɗaya, a tashi tun yana marmari. In ya gane, sai ya riƙa bin tsinke daga wannan reshe zuwa wancan, har bakin ƙofa, ba wanda ya taɓa shi. Ranar da za a buɗe keji, a rufe taga, a kashe fanka, a bar shi ya fito don kansa. Sannan a kawo hannu a shimfiɗe, yatsu a haɗe, ɗan sama da ƙafafunsa, a riƙe tsinke ta bayan hannun. Kafin ya taka zai kai baki ya dafa. Nan ne da yawa ke ɓata aikin wata guda, su zabura su fizge hannu. Bakin aku ƙafarsa ce ta uku, gwada ƙarfin reshe yake yi. Reshen da ya gudu yau, gobe ba zai yarda da shi ba. In ma an yi cizon, gwani ba ya ihu, ba ya duka. Ya ajiye tsuntsu a hankali, ya tambayi kansa wace alama ce ta wuce shi.

Mai gaggawa yana da tasa hanyar: ya cusa hannu cikin keji, ya damƙo da tawul, ya datse fuka-fuki, ya ce ai ya saba. Tsuntsun zai zauna shiru, amma shirun wanda ya rasa mafita ne. Bayan watanni sai a ga ya fara fige gashin ƙirjinsa da kansa, ko ya riƙa kwarma ihun da zai haɗa mai shi da maƙwabta. Wannan tsuntsu ƙwaƙwalwarsa na neman aiki. A 2012, masu bincike a Biyana sun ga wani ɗan ƙaramin mai tukku, Figaro, ya ɓalli sili daga katako ya janyo abincin da bakinsa bai kai ba. A Sidni kuwa, wani bincike na 2021 ya nuna yadda masu tukku suka koyi buɗe murfin kwandon shara daga junansu, har dabarar ta bazu a unguwanni 44. Shi ya sa mai himma ke kawo masa ɗanyen reshe ya ɓare, ya naɗe abinci cikin takarda ya bar shi ya kwance, ya yayyafa masa ruwa ya yi wanka. In ya yi ihu a ƙyale, in ya yi ƙaramin sauti a amsa.

Wata rana zai sunkuyar da kai ya baza gashin wuya. Sabon gashi yana fitowa ne cikin kube mai ƙaiƙayi, kuma na kai ba ya iya kai masa baki, a daji abokinsa ke sosa masa. Ya miƙa maka wurin da ba ya iya karewa ke nan. A murza kuben a hankali da yatsa biyu, a tsaya a kai da wuya. Shafa baya da ƙarƙashin fiffike na ma'aurata ne a wurinsu, yana jawo kishi da cizon sauran mutanen gida.

Yaran gida dai tambayarsu ɗaya ce tun ranar farko: "Baba, yaushe zai yi magana?" Ba laifinsu ba ne, tun 1937 da Abubakar Imam ya ba aku sarautar waziri a Magana Jari Ce muka ɗauke shi tsuntsun zance. Amma baƙon aku kamar amarya yake, sai an sayi baki, kuma kuɗin sayen shi ne duk wannan haƙuri da aka lissafa. Mai ruwan toka yakan buɗe baki in ya sake, wani lokaci da muryar tsohon mai shi. Mai tukku bai kai shi iya kwaikwayo ba, wani ma ba zai taɓa furta komai ba, kuma wannan bai rage masa daraja ba.

Aikin ƙarshe shi ne wanda son kai ke hana mutane yi. Wani mai tukku da ake kira Cookie ya mutu a gidan namun daji na Brookfield kusa da Shikago a 2016 yana da shekara 83. Tsuntsun da ke iya kaiwa haka, akwai yiwuwar ya sake canza gida. Don haka gwani ba ya barin yardar ta tsaya a kansa shi kaɗai. Yakan kira uwargida da manyan yara, kowa ya riƙe tsinke, kowa ya faɗi kalmar, kowa ya miƙa lada. Yakan rubuta abin da tsuntsun ke so da abin da ke firgita shi, ya ajiye tare da takardunsa. Wanda zai karɓe shi nan gaba, a Treichville ne ko a Katsina, zai ɗora ne daga inda aka tsaya.