Wasiƙa ta je Bama, mai ita bai je ba

A watan Yunin 2024 kowa ya gani a talabijin: an kai tsofaffin sojojin Amurka da Ingila gaɓar Nomandi a Faransa, inda suka yi yaƙi shekara 80 da suka wuce, wasu a keken guragu, shugabanni na tsaye ana maƙala musu lambar yabo. To, namu mazan jiyan da suka yi yaƙin Bama fa? Fim ɗin "Burma Boy" da Aljazira ta fitar a 2011 ya taɓo wannan tambaya, shi ya sa muka ga ya kamata mu duba shi.

Labarin Isaac Fadoyebo ne, mutumin Emure-Ile kusa da Owo, wanda ya ƙare rayuwarsa a nan Legas. Ya shiga soja yana ɗan shekara 16, aka sa shi aikin jinya a Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. A watan Maris na 1944 sojojin Jafan suka yi musu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, harsashi ya farfasa masa ƙafa, aka bar shi a daji shi da David Kargbo, ɗan Saliyo. Wani manomi Musulmi ɗan Rohingya, Shuyiman, shi ya ɓoye su yana ciyar da su wata da watanni, alhali da Jafanawa sun gane, kashinsa ya bushe.

Inda fim ɗin ya yi ƙarfi shi ne ƙarshensa. Ɗan jaridar, Barnaby Phillips, ya ɗauki wasiƙar godiya daga hannun Fadoyebo ya tafi neman ƙauyen. Shuyiman ya daɗe da rasuwa, amma an sami iyalinsa, kuma ba su manta da baƙin nan biyu ba. Babu faretin soja, babu jawabin minista, sai talakawa da takarda a hannu. Wallahi mu da muke zaune a garin wasu, muka san darajar mai masauki, wannan wuri ya fi taɓa mu. Abin ya ƙara nauyi yanzu, tunda a 2017 an kori Rohingya sama da 700,000 zuwa Bangaladash.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mana a wuya. Wanda ya zubar da jini a Kaladan yana zaune a gida, wani ne ya taka ƙasar a madadinsa, kuma da idon wannan wanin muke kallon komai. Ba laifin Phillips muke gani ba, ya yi abin da hukumomi biyu, ta Ingila da tamu, suka kasa. Amma fim ɗin bai matsa musu yadda ya kamata ba. Fadoyebo ya rasu a 2012.

Na biyu, an gano Fadoyebo ne don ya yi boko, ya rubuta tarihinsa da Turanci. Sojojin Afirka kusan 100,000 aka kai Bama, 'yan Najeriya na da yawa a ciki, kuma Hausa ce yaren bariki a lokacin. Mafi yawansu ba su bar rubutu ba. Labarinsu a bakin jikoki yake, sai ɗan littafin sallama da lambar da ta yi tsatsa a ƙasan adaka. Mai kallo zai iya tashi yana zaton labari ɗaya ne, nan kuwa dubbai ne.

Duk da haka a nemi fim ɗin a intanet a kalla. Matsalar dai da Turanci yake, tsofaffinmu da suka san masu yaƙin ido da ido ba za su ji ba. Matasan unguwa masu fassara finafinan Indiya, ga aiki nan. Gidan da kuma ke da takardun kakansu na soja, a kawo mana mu ɗauki hoto kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya.