Ayar Tambaya a Cikin Zance: Inda Marubuta Ke Tuntuɓe

Duk malamin da ya daɗe yana duba insha'in ɗalibai, ko ya saba karanta littattafan hira da aka yi ta bugawa a Kano tun daga wajen 1980, ya san ba wata alamar rubutu da ke shan wulakanci kamar ayar tambaya. Wani ya manta da ita, wani ya ajiye ta inda ba mazauninta ba, wani kuwa ya jera uku ko huɗu, wai don a san abin ya dame shi. Galibi akan ɗauki wannan ƙaramin laifi ne. Nufinmu a wannan takarda mu nuna cewa a Hausa ba ƙarami ba ne, kuma tushensa yana cikin yadda ake koyar da ka'idar tun daga aji.

Tun lokacin da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya fitar da ka'idojinsa na rubutun boko a 1912, har zuwa kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955 da taron Bamako na 1966, rubutun yau da kullum bai taɓa ɗaukar alamar karin sauti ba. Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna karin kowace kalma, amma wannan aikin ƙamus ne, ba a binsa a jarida ko littafin labari. Ga shi kuwa Bahaushe sau da yawa da murya kaɗai yake tambaya. Idan yana ba da labari muryarsa gangarowa take yi har ƙarshen jimla. Idan tambaya yake yi sai ta ƙi gangarowa, ta ɗaga wajen ƙarshe, ya ɗan ja wasalin da ya rufe da shi. Kalmomin ba su sake ba, ba a kuma juya jerinsu kamar yadda Ingilishi ke yi ba. Ashe ke nan duk abin da kunne ke ji, ido ba shi da mai gaya masa sai wannan 'yar alama.

A duba waɗannan:

“Nawa ne.” — “Nawa ne?”
“Ina zuwa.” — “Ina zuwa?”
“Ya biya.” — “Ya biya?”

Na farko mai kaya ne yana kāre abinsa, abokinsa kuwa mai ciniki ne yana neman kuɗi. Na biyu mai neman a jira shi ne, da mai son sanin inda wani ya nufa. Na uku shaida ce, da neman shaida. Malamin da ke rubuta bayanin masu ƙara a gaban alƙali, in ya yar da ayar nan, ya sa wa mutum maganar da bai faɗa ba.

To, ka'idar da yara ke haddacewa ita ce wai duk jimlar da ke da kalmar tambaya, ko aka ce a cikinta “ya tambaya”, sai a rufe ta da ayar tambaya. Wannan ka'ida gurguwa ce, domin ta sa yaro yana farautar kalma maimakon ya saurari murya. Daga gare ta kurakurai uku suka fito.

Na farko, kai ayar can ƙarshen maganar mai ba da labari. Littattafan farko da suka fito daga gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, sun fi bin hanyar mai tatsuniya: a fara ambaton mai magana, a ce “ya ce”, sa'an nan maganar ta biyo. A wannan tsari ƙarshen tambaya shi ne ƙarshen jimla, wuyar ba ta da yawa. Amma da marubuta suka yawaita gabatar da magana kafin mai ita, sai aka shiga ganin irin wannan:

“Ina ka ajiye goron” in ji Ladi?

Wa ke tambaya a nan? Bisa ga rubutun, marubucin ne ke shakkar ko Ladi ce ta faɗa. Daidai shi ne:

“Ina ka ajiye goron?” in ji Ladi.

Ayar ta tsaya cikin alamar rufe zance, ba a ƙara mata waƙafi, “in ji” kuma ta fara da ƙaramin baƙi, gama jimlar ba ta ƙare ba. Ba ta fita waje sai in tambayar ta mai ɗauko maganar ce, kamar a ce: Wa ya ce maka, “Gobe akwai makaranta”? A nan abin da ke cikin alamar zance labari ne, tambayar tana waje. Haka nan sunan wanda ake kira yana cikin tambaya: “Yaushe ka sauka, Malam?” ba a datse ta kafin a kai ga Malam.

Na biyu, sa ayar a kan tambayar da aka ba da labarinta kawai. Akan ga an rubuta: Ya tambaye ta inda za ta? Wannan kuwa ba mai jiran amsa a cikinsa, labari ne ake ba mu. Abin mamaki, harshen da kansa ya riga ya yi mana gargaɗi, domin idan tambaya ta koma labari kalmominta sukan sake riga: ina ta zama inda, wa ta zama wanda, me ta zama abin da, yaya ta zama yadda, yaushe ta zama lokacin da. Inda ba kalmar tambaya kuwa sai ko ta shigo: Ya tambaye ta ko baƙin sun iso. Duk waɗannan aya ce ke rufe su. Malami da zai kwana ɗaya a kan wannan jeri da ɗalibansa, da rabin kurakuran sun kau.

Na uku, rikita tambaya da motsin rai. “Ina?” neman wuri ne, “Ina!” musu ne mai ƙarfi. “Kai fa?” juya tambaya ce ga abokin magana, “Kai fa!” kashedi ne. “Ka gama, ko?” tambaya ce, amma “Ko ka zo ko ka bari” ba komai ake nema a sani ba. Gaisuwa ma tana da rabonta: “Ina kwana?” da “Ina gajiya?” suna da amsa, sai a ba su ayarsu, “Sannu da aiki” kuwa ba ta bukata. Jera ayoyi uku ba ya ƙara wa tambaya zafi; in marubuci ya ga maganar ba ta kai ba, kalmomin zai gyara.

Amma fa kada a ɗora wa ayar abin da ba ta iya ɗauka. A duba “Yaya ya zo?” Ko da ayar, mai karatu bai san ko ana tambaya ne a kan zuwan babban wa, ko kuwa a kan hanyar da mutum ya bi ya zo ba. A baki bambancin a fili yake, a takarda ya ɓace. Nan ne gwanin rubutu ke taimakon mai karatunsa, ya rubuta “Shin Yaya ya zo?” ko “Ta yaya ya zo?” Kalmomin shin, ko, kuwa, fa, anya, dukiya ce da harshen ya tanada, ga su kuma suna sanar da mai karatu tun daga farko yadda zai ɗauki murya, ba sai ya kai ƙarshen layi ya komo ba.

Shawararmu ga malaman kwalejojin horon malamai ita ce a bar haddar ka'ida, a koma ga karatu a bayyane. A sa ɗalibi ya rubuta hirar mai saye da mai sayarwa, a miƙa wa ɗan'uwansa ya karanta wa aji ba tare da ya duba tun da fari ba. Duk inda mai karatu ya yi tuntuɓe, ko ya karanta tambaya da muryar labari, a tsaya a binciki ayar. Tambaya biyu kawai za a riƙa yi: akwai mai jiran amsa a nan? In akwai, a wace kalma muryarsa ta tsaya? Inda ta tsaya, nan ne mazaunin ayar. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in an gane tambaya yake yi.