Makarantar gindin gawo: sake karanta Abdu Mumuni daga Ɗan Kassari

A manyan biranen duniya, masu hali na biyan kuɗi masu yawa domin a kai ƴaƴansu makarantun da ake koyarwa a fili, cikin itatuwa, kowane yaro da irin saurinsa. Tushen wannan tsari ya haɗa da aikin Mariya Montesori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a Roma a 1907, da kuma makarantun daji na ƙasar Danmak.

Malamin da ya karanta littafin Abdu Mumuni Jofo kan ilimi a Afirka, wanda ya fito da Faransanci a 1964, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ɗan Tasawa ya nuna cewa tarbiyyar gargajiya ba ta raba karatu da rayuwa: gona da kiwo da dandali duk aji ne. Yaron Arewa ya san gawo na zubar da ganye da damina, ya san abin da hakan ke yi wa hatsin da ke ƙarƙashinsa, tun kafin ya riƙe alli. Koyar da kowane ɗalibi shi kaɗai kuwa, ai makarantar allo ta daɗe da shi: kowa da allonsa, ba ya wankewa sai ya biya.

Sai dai a nawa ra'ayi, masu ɗauko littafin a yau suna yi masa karatun son rai. Mumuni masanin kimiyya ne, mai binciken hasken rana. Abin da ya nema shi ne ilimin zamani cikin harsunanmu, hanyar da Nijar ta fara gwadawa a 1973 da makarantun gwaji. Bai ce a bar yaro a daji ba.

Ajin zana ma ba makarantar daji ba ce, ko da iska na ratsa shi. Talauci ne ya gina shi, kuma sau da yawa ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, alhali shekarar karatu ta yi nisa. Gobarar Yamai da ta Maraɗi a 2021, kowace ta ci yara ashirin ko fiye a irin waɗannan azuzuwa. Ɗan Danmak yana fita daji ne da ginin da zai koma in ruwa ya sauko.

Ƙungiyoyi irin su Tarbiyya Tatali, masu aiki a Ɗan Kassari, su fara da bango da rufi. Bayan haka a bar malami ya fita da ɗalibansa zuwa Lugu, su ji labarin Sarauniya da yaƙin 1899 da Hausa, daga bakin jikokin waɗanda aka yi abin a gabansu.