Jinjina ga Masu Haska Fim

A zamanin da sinimomin Kano irin su Plaza, El Dorado da Marhaba ke cika da masu kallon finafinan Indiya, daɗin kallo yana hannun mutum guda ne: mai haska fim, wanda ke zaune a ɗan ɗakinsa bayan 'yan kallo.

Aikinsa na ido ne da natsuwa. Fim mai faɗin milimita 35 yana gudu hoto 24 a daƙiƙa, kowane naɗi kuma kusan minti 20 ne. Da ɗigo ya bayyana a kusurwar allo, alamar naɗi ya kusa ƙarewa, sai ya tayar da inji na biyu, labari ya ci gaba ba tare da tangarɗa ba. In fim ya tsinke, sai ya liƙe shi nan take.

Yau kwamfuta ta karɓi aikin naɗi, amma har gobe sai an goge ƙura daga gilashin inji, an sauya fitila kafin haskenta ya dushe, an daidaita launi da sauti. Masu wannan hidima sun cancanci horo da albashi mai kyau.