Littafin Abdu Mumuni da uwar da ba a tambaya ba

Yawancinmu mun san sunan Abdu Mumuni Dioffo ne saboda jami'ar Yamai, wasu kuma saboda aikin da ya yi a kan hasken rana. Kaɗan ne suka san cewa wannan ɗan Tasawa, wanda aka haifa a 1929 ya rasu a 1991, ya rubuta littafi sukutum a kan tarbiyya da karatun yara. Sunansa L'éducation en Afrique, ya fito a Paris a 1964, shekara huɗu kacal bayan samun ƴancin kai. Ni ma sai bana na karanta shi, hotokopi ne da ya sha hannu har wasu shafukan sun koɗe. Na karanta shi ne ina tunanin ƙanena, shi ya sa wannan sharhi zai riƙa komawa gidanmu. Ku yi haƙuri da hakan.

Littafin ya fara da tarbiyyar da Afirka ta sani kafin zuwan Nasara, ya bi ta kan lakwal ɗin mulkin mallaka, ya ƙare da shawarwari ga sababbin ƙasashe. Kashi na farko shi ne ya fi kama ni. Marubucin ya nuna cewa tarbiyyar da ba aikin mutum ɗaya ba ce: uwa, uba, kaka, maƙwabta, sa'o'i, kowa da nasa rabon. Ba ta rabu da rayuwa ba, yaro yana koyo ne cikin aikin da ake yi a gabansa. Abu mafi muhimmanci kuma, tana tafiya daki-daki, tana bin girman jikin yaro da hankalinsa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga wannan da idonsa. Ba a ba ɗan shekara biyar hauya irin ta manya, ƴar ƙarama ake sassaƙa masa. Yarinya tana fara surfe da ɗan turmin wasa kafin a sakar mata taɓarya. Tatsuniya da kacici-kacici da karin magana suna zuwa ne a lokacin da bakin yaro ke buɗewa. Ba wanda ya karanta ilimin halayyar yara, amma kowa ya san abin da ya fi ƙarfin yaro da abin da bai fi ba.

Daga nan sai ya nuna yadda lakwal ta zo ta yanke wannan igiya, da harshe ta yanke ta. Nan ba ni da abin ja da shi ko kaɗan. Iyayenmu suna ba da labarin sambol, abin nan da ake rataya wa yaron da ya kuskura ya yi Hausa a filin lakwal, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. An ce an daina, to amma abin da ya haifa yana nan: yaro ya shiga CI da kalmomi dubbai a bakinsa, a ce masa bai san komi ba, a soma daga sifiri.

Ga misali daga gidanmu. Ƙanena tun yana ɗan shekara bakwai yake taya innarmu sayar da ƙuli-ƙuli. Ka ba shi dala ɗari ka ce ya ba ka na dala talatin da biyar, kafin ka rufe baki ya miƙo maka canjin dala sittin da biyar. A jikin kuɗin kuwa 500 aka rubuta, shi kuma ya san dala ɗari ce, wato kullum yana raba lamba gida biyar a kansa ba tare da an taɓa gaya masa sunan abin da yake yi ba. Wannan yaron ne aka rubuta wa sifiri a lissafi a CE1, saboda da mushe ya ce quatre-vingt-dix-sept sai ya rubuta 4, ya rubuta 20, ya rubuta 10, ya rubuta 7. Lissafi ne bai iya ba, ko Faransanci? Takardar sakamako ba ta rarrabe wannan. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin ƴan ajin ƙarshe na firamare a Nijar, waɗanda suka kai matakin karatun da ake so ba su cika ɗaya cikin goma ba. Abdu Mumuni ya hango dalilin tun shekara hamsin kafin nan.

Ba a ce ba a gwada komi ba. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara da wasu harsunan ƙasa. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a koyarwa. A 2025 kuma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma gwajin da ya haura shekara hamsin ana kiransa gwaji, kun san akwai magana.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi da littafin.

Na farko, da wa yake magana? Da gwamnatoci, da masu tsara manufa, da ƴan boko irinsa. Da Faransanci ya rubuta, Faransanci mai nauyi ma, har ni da nake jami'a sai da ƙamus a gefe. Ban ga laifinsa sosai ba, a 1964 waɗannan ne ke riƙe da ragama, kuma ya ɗauka idan gwamnati ta gyaru lakwal za ta gyaru. Sai dai mutanen da ya yaba a kashi na farko, iyaye da kakanni da suka san matakan girman yaro, da aka zo kashin gyara sai na ga sun koma waɗanda za a yi wa aiki: a yaƙi jahilcinsu, a wayar musu da kai. Na yi ta neman inda uwar da ba ta iya karatu ba za ta zauna da malami ta gaya masa abin da ta sani game da ɗanta, shi kuma ya saurara kamar ɗalibi. Abin da na tarar bai ƙosar da ni ba.

Wannan giɓi ba ƙarami ba ne, don har yau cikinsa muke. Muna da ƙungiyar iyayen yara, muna da ta iyaye mata, muna da kwamitin kula da lakwal da aka sani da COGES, yanzu CGDES. Sun yi aiki, ban musa ba: su ke kafa rumfunan zana duk shekara bayan girbi, su ke bi gida-gida a sa yara mata. Amma ku tuna taron iyaye na ƙarshe da kuka leƙa. Maganar karo-karo aka yi, da zana, da tebur. Wa ya tambayi wata uwa yadda ɗanta yake barci, ko yana karyawa kafin ya fito, ko yana jin kira daga nesa?

Na kawo maganar kira ne da gangan. Wannan ƙanen nawa ya maimaita CE1, kuma sunan da ya samu a aji shi ne daƙiƙi. Malamin ɗan kwantaragi ne, yara sun fi tamanin a gabansa, albashi ma sai ya ga dama yake zuwa. Ban zo in zage shi ba. Wata rana na raka innarmu lakwal don in yi mata tafinta, da ma saboda Faransanci take gudun wurin, alhali malamin Bahaushe ne kamar ita. Da aka saki jiki aka koma Hausa, sai ta ce: "Malam, yaron nan tun da ya yi ciwon kunne yana ɗan shekara huɗu, in ka kira shi ta hagu ba ya waiwayowa." Malam ya yi shiru. Shekara biyu yaron yana zaune a layin baya, kunnensa mai lafiya yana fuskantar bango. Washegari aka dawo da shi gaba. Ba a kashe ko dala ba. Inna ta san wannan shekara da shekaru, ba ta taɓa zaton magana ce da ta shafi lakwal ba, kuma ba wanda ya taɓa nuna mata cewa ta shafa.

Ƙorafina na biyu: duk da marubucin ya ambaci raunin tarbiyyar gargajiya, musamman rashin rubutu, ina ganin ya yi mata sassauci. Tarbiyyar da ke bin matakan girma tana da kyau ga yaron da ke tafiya daidai da sa'o'insa. Wanda ya saɓa fa? Bahago da ake bugun hannunsa har ya koma dama dole. Mai i'ina da ake kwaikwayo a dandali. Kurma da aka sallama wa kiwon awaki. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, aka ce aljanu ne ko rashin kunya. Yarinyar da aka ce ta isa tun ba ta isa ba. Bulalar nan da muke kuka da ita a lakwal, ai ba daga Faransa kaɗai aka kawo ta ba. Akwai uban da ke kai ɗansa ya ce wa malam ya daka, shi dai a bar masa ido. Wanda zai taimaki iyaye da malamai dole ya faɗi wannan ɓaro-ɓaro, in ba haka ba sai mu ɗauka da an koma Hausa a aji shi ke nan an gama. Ana iya kiran yaro daƙiƙi da Hausa ma, kuma ta fi zafi.

Duk da haka ina cewa ku nemi littafin ku karanta, ko kashi na farko kaɗai. Kuma tun da mu ne muka iya harsunan biyu, aikin da marubucin ya bari a kanmu ya faɗo. Wasunmu nan da shekara biyu za su riƙe alli. Sauran kuma kowa yana da ƙane ko ƙanwa da ke kawo takardar sakamako gida, ba mai karanta ta sai shi. Ni abin da na soma ke nan: in takardar ta zo ba na tsayawa ga faɗa wa inna na nawa ya zo, sai in karanta mata darasi bayan darasi, in tambaye ta me ta lura da shi a gida, in rubuta a bayan kaye in aika wa malam. Sau biyu ya amsa, sau ɗaya bai amsa ba.

Na kuma kawo shawara a taronmu na watan jiya cewa mu fassara kashin farko na littafin zuwa Hausa, ko da shafi ashirin ne, mu buga a wannan ɗan littafi namu don a karanta wa iyaye a taron lakwal. Mutum uku sun ɗaga hannu. Har yanzu muna gardama a kan kalmar da za mu sa wa éducation, tarbiyya ko ilimi.